Kafin a Ɗora Alƙalami: Neman Tsohuwar Jos Domin Ƙagaggen Labari

A ce marubuci ya ƙudurta rubuta labarin wani saurayi manomi daga ƙasar Katsina, wanda dagaci ya sa sunansa cikin waɗanda za a tura haƙar kuza a shekarar 1943. Tun saurayin bai yi sallama da mahaifiyarsa ba, tambayoyi sun yi wa marubucin ca. Ta wace hanya zai iso Jos? Da wane irin kuɗi za a biya shi? Me zai ci, a ina zai kwana, wa zai daka masa tsawa a bakin rami, kuma da wane harshe? Mai karatu a Legas ko Landan yana iya wucewa bai ga kuskure ba. Mutumin Bukuru kuwa ba zai wuce ba. Da ya ga an ɗora saurayin a jirgin da babu shi a wancan zamani, ko an sa masa naira a aljihu shekara talatin kafin a buga ta, zai rufe littafin, kuma ya yi gaskiya.

Ni haifaffen Bukuru ne, jikan mai ɗaukar kwano a ramin kuza. Na daɗe ina koyar da adabi, kuma abin da na fi nanata wa ɗalibaina shi ne: mutanen cikin labari naka ne, ka ƙaga su yadda ka so, amma garin ba naka ba ne. Aronsa ka yi daga waɗanda suka zauna cikinsa, suka binne iyayensu a ƙasarsa. Kayan aro kuwa ana mayar da shi ne yadda aka karɓe shi.

Wannan ɗabi'a ta bin diddigin wuri tana nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. A gasar da Rupert East ya shirya a 1933, biyu daga cikin littattafai biyar da suka yi fice a kan tarihi suka tsaya. Malam Bello Kagara yana yaro Turawa suka ci Kwantagora a 1901, saboda haka da ya buɗe Ganɗoki da yaƙe-yaƙen zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ƙasar da ya taka da mutanen da ya sani yake zanawa, kafin ya saki linzami labarin ya faɗa duniyar aljanu. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, yana saurayi malamin makaranta a Bauchi, ya ɗauki Shaihu Umar daga Kagara ya bi da shi Kano, ya ƙetara da shi Sahara cikin ayari, ya kuma kai mahaifiyarsa har Murzuk da Tarabulus tana cigiyar ɗanta. A lokacin da yake rubutun, jirgin ƙasa ya fi shekara ashirin da isa Kano, fataucin raƙuma ya ja baya. Sai dai waɗanda suka bi hanyar da ƙafafunsu, da waɗanda aka sayar a kanta, suna nan da rai a zaurukan Arewa. Ƙishirwa da guguwar rairayi da ke cikin littafin nan irin waɗanda ake ji ne daga bakin wanda ya sha su.

A wasu ƙasashen ma haka magabata suka yi. Émile Zola na Faransa, kafin ya rubuta Germinal, ya tafi Anzin a 1884 ana tsakiyar yajin aikin mahaƙa kwal, ya shiga gidajensu, ya sauka cikin rami da kansa, littafin ya fito a 1885. Sembène Ousmane na Senigal ya gina littafinsa na 1960 a kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar zuwa Bamako na 1947 da 1948, kuma shi kansa ɗan ƙwadago ne da ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Gani ya kori ji. Amma mai neman Jos ta 1943 ba shi da halin gani, domin ta wuce. Abin da ya rage masa guda uku ne: takarda, da ƙasa, da bakin tsofaffi. Kowanne yana da abin da yake bayarwa, yana da abin da yake ɓoyewa.

Takarda ita ce mai ba da kwanan wata. A Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai fayil-fayil na Lardin Filato, da rahotannin Razdan da na Di'o. Akwai kundin lardin da C. G. Ames ya fitar a 1934. Akwai littafin Leonard Plotnicov na 1967 a kan baƙin da suka zauna Jos, da na Bill Freund na 1981 a kan jari da ƙwadago a filin kuza. Daga irin waɗannan ne marubuci zai san cewa ba Bature ya fara gano kuza ba. Maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano da na Riruwan Dalma ta ƙasar Bauchi sun daɗe suna narka ta, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Waɗannan tsinkayen ne suka ja hankalin Kamfanin Neja, har ya turo masu bincike a 1902, sannan Kanar H. W. Laws ya hau dutse a 1903 ya kafa sansani a Naraguta.

Takarda za ta gaya masa cewa shekarun farko a ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya har Loko a bakin Binuwai. Siririn layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan a 1927, aka rufe na Zariya a 1957. Saboda haka saurayinmu na 1943 yana iya hawa jirgi a Funtuwa, ya sauka Zariya, ya shiga ƙaramin jirgin da ke hawan dutse a hankali ta Rahama. Ɗansa kuwa, in ya tashi zuwa a 1960, ba zai sami wannan jirgi ba. An yanke Lardin Filato a 1926. Kamfanin NESCO ya ja wutar lantarki daga ruwan Kurra tun wajen 1930, don injinan haƙa, a lokacin da yawancin biranen Arewa ke kwana da fitilar aci-balbal. A 1939 aka haɗe kamfanoni da dama aka sami ATMN, wanda ya zama giwar filin.

Dalilin da ya kawo saurayin ma yana cikin takarda. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da kuza a lokacin, alhali yaƙi na buƙatar ta don gwangwanin abincin soja da liƙin kayan inji. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan Filato ta kafa aikin tilas, wanda mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso kusan mutum 100,000 daga lardunan Arewa ta hannun En'e, kowane rukuni ya yi 'yan watanni a kawo wani. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti, har maganar ta kai majalisar Ingila.

Iyakar takarda ke nan. Tana ƙirga tan, tana ƙirga kai, amma wanda ya rubuta ta bai taɓa ɗora kwano a kansa ba. A cikinta lebura lamba ne. In ya gudu a rubuta an rasa ɗaya, ba a rubuta cewa damina ce ta kama, gonar gero na jiransa, kuma babu wani namiji a gidan sai shi. Marubucin da ya tsaya a fayil zai fito da labarin Di'o ne cikin bakin Bahaushe, ko da bai nufa ba.

Sai a taka ƙasa. Jos tana da wata baiwa ga mai bincike: abin da aka yi mata yana rubuce a jikinta. Ka fita daga Bukuru ka nufi Barikin Ladi, ko ka zaga ta Rayfield, za ka ga kududdufai masu zurfi, ruwansu shiru, gefensu tulin jar ƙasa da farar ƙasa da ruwan sama ya zaizaye. Kowane ɗaya rami ne da mutane suka fara da diga da shebur kafin manyan injina su zo. Ka sauka gangaren ɗaya daga cikinsu ka sake hawowa hannu rabbana, ka ji yadda numfashinka zai yi, sannan ka tuna masu hawansa da kwano cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa daga safe har la'asar. Ka kwana a can cikin watan Disamba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar asuba tana ratsa ƙashi. Wanda ya zo daga Daura da riga ɗaya, ba bargo, a bukkar ciyawa, ba sai an gaya maka abin da dare ya yi masa ba.

Sunayen wurare ma shaidu ne. Barikin Ladi, Gindin Akwati, Sabon Gidan Kanar, Dorowa, Bisichi, Mista Ali, Anglo-Jos: yawancinsu barikokin kuza ne da ƙauyukan da suka tsiro a gefensu, kusa da tsofaffin garuruwan Birom irin su Gyel da Du da Zawan da Foron, masu shingen ƙyarana da gonakin acca. Tsarin birnin shi ma yana magana. An raba shi tun farko: unguwar Turawa can gefe cikin itatuwa, da yankin da ke ƙarƙashin Joji inda akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka fi yawa, da garin 'yan ƙasa mai miƙaƙƙun layuka a ƙarƙashin En'e. Wanda ya san wannan ya san inda jaruminsa zai iya shiga da dare da inda ɗan doka zai tare shi.

Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952, shi ma ɗan kuza ne. Mutum-mutumin yumɓu na Nok a ramin haƙa aka fara tono su a 1928. A harabarsa akwai tsofaffin kawunan jirgi, ka tsaya kusa da su ka ga ƙanƙantar abin da ya yi ta jan arzikin ƙasar nan. A gefe kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da Zbigniew Dmochowski ya tsara, inda aka gina kwafin ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu. Mai rubuta labarin Zazzau ta ƙarni na 19 zai amfana da tsayawa ƙarƙashin waɗannan bakunan gizo na ƙasa, ya ji yadda murya ke yawo a cikinsu.

Na uku shi ne baki, kuma shi ya fi saurin ƙarewa. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, da ɗiban gwamna ya zo, wa'adinsa ya cika ya koma gida, bayan yaƙi ya dawo da ƙafarsa ya zauna. A tsakiyar kansa akwai wani fili sumul inda gashi bai ƙara fitowa ba, wurin zaman gammo. Muna yara mukan shafa wurin muna tsokanarsa, shi kuma ya ce, "Ku shafa da kyau, 'yan nema, da nan aka gina gidan da kuke kwana." Bai san ko tan nawa aka haƙa a shekararsa ba. Amma ya san helman da ke da sauƙin kai da wanda ke cin rabon mutane, ya san yadda ake haɗa wuta a tsakiyar bukka a kwana ana juyi, ya san waƙar da ake yi in kwano ya yi nauyi, ya san ranar biya yadda bariki ke cika da makaɗa da 'yan caca da masu tuwo, sule da sisi su ƙare kafin gari ya waye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a Kaduna. Irin wannan duniya ce ta haifi Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru, ya ɗauki kuntigi ya yi wa karen mota da sauran talakawan tasha waƙa har ya rasu a 2015. Mai son jin yadda Hausar bariki take a shekarun 1960 da 1970 ya saurari faya-fayansa.

Bakin gidanku kaɗai ba ya isa. Wata rana a gefen wani kududdufi a hanyar Barikin Ladi na tarar da wata tsohuwa 'yar Birom tana wankin kuza, sana'ar da mutane suka koma yi da hannu tun da farashi ya faɗi a 1985 kamfanoni suka watse. Tana tsugune, ƙafafunta cikin ruwa, ta ɗebo yashi a ƙwarya tana juyawa a hankali, tana karkata bakin ƙwaryar farin yashi na zubewa, ta ƙara ruwa ta sake juyawa, har sai da ya rage ɗan baƙin gari mai nauyi a gindi, wanda bai fi cikin cokali ba. Ta kwashe shi da yatsa ta zuba a gwangwanin madara. Na gaishe ta, na ce, "Mama, sannu da aiki. Kakana ma ya yi aiki a ramukan nan." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, sannunka. Nan da kake tsaye gonar accan kakana ce."

Ramin da ya ci gashin kan kakana shi ne ya ci gonar kakanta. Dukansu biyu an cuce su, kuma ribar ta tafi Landan. Manoman Birom sun yi ta kokawa kan diyyar gonakinsu tun shekarun 1940, kamar yadda leburori suka yi ta kokawa kan lada. Littafin da ya ba da labarin ɗaya ya bar ɗaya, rabin Jos ya rubuta.

A nan ne aikin marubucin Jos ya fi na mai rubutu a kan Kano ko Katsina nauyi. A garin nan tarihi abin shari'a ne, an zubar da jini a kansa. Birom da Anaguta da Afizere suna da labarinsu na wanda ke da ƙasar. Hausawa da Fulanin Jos suna da nasu na wanda ya kafa birnin da jerin sarakunansa. An ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, rikici ya tashi a Afrilun 1994, ya dawo da muni a ranar 7 ga Satumba 2001, sannan Nuwamban 2008, sannan Janairu da Maris na 2010. Kwamitocin Mai Shari'a Fiberesima da Niki Tobi da Bola Ajibola sun karɓi takardu daga kowane ɓangare, kowa da tarihinsa a hammata. Marubuci ya karanta su duka, ya ɗauke su a matsayin abin da mutane suka yi imani da shi. Ba alƙali ba ne shi. Ikonsa ya fi na alƙali ta wani gefen, domin yana iya zaunar da jikan mai kwano da jikar mai gona a inuwa ɗaya, ya bar kowa ya faɗi nasa har ƙarshe.

Marubutan da Jos ta rena sun nuna hanyoyi daban-daban na ɗaukar wannan kaya. Helon Habila, wanda ya yi karatu a Jami'ar Jos, ya ƙagi gari mai suna Keti a littafinsa Measuring Time na 2007, ya sa jaruminsa Mamo ya ci karo da tarihin garin da wani ɗan mishan ya rubuta, ya ga babu mutanen gari a ciki, ya ɗaura niyyar rubuta rayuwar talakawa. Richard Ali, a City of Memories na 2012, ya ajiye Jos da sunanta na gaskiya, ya kuma ƙagi wani gari a Arewa maso Gabas inda jarumin ya je tono abin da ya faru da mahaifiyarsa. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos a 1979, ya bi wata hanya a Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016. Labarin a bayan garin Abuja yake gudana, amma Jos ce ke bin mutanensa: Hajiya Binta da aka kashe mijinta a rikici, da yarinya Fa'iza da ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ta kasa barci. Ya gane cewa bayan 2001 akwai wata Jos da ke zaune a Mararraba da Bauchi da Kano, cikin ƙirjin waɗanda suka tashi. Mai bincike dole ya bi su can ma.

Ko Jos ta jiya-jiya ta fara zama abin tono. Babbar kasuwar Taminus, wadda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1980, ta ƙone a Fabrairun 2002. Saurayi ɗan shekara ashirin a yau bai taɓa shiga cikinta ba. Bai san lokacin da unguwanni suke gauraye ba, sa'ad da ake aika wa maƙwabta naman layya su kuma su aiko da shinkafar Kirsimeti, ba wanda ke lissafin layin da zai bi ya koma gida. In ba a rubuta wannan da sunayen layuka da ƙamshin abinci da irin gaisuwar da ake yi ba, nan gaba kaɗan za a ɗauka tatsuniya ce.

Littattafan nan uku da Turanci aka rubuta su, kuma sun yi abin yabo. Burina shi ne in karanta labarin kuza da Hausa, harshen da helma ya yi tsawa da shi, wanda Birom da Ibo da Tibi da Kanuri suka yi ciniki da shi a kasuwar bariki. Wanda zai rubuta shi ya yi sauri. Duk wanda ya ɗauki kwano a ɗiban gwamna, in yana raye, ya doshi shekara ɗari. 'Ya'yansu da suka ji daga bakinsu su ma sun manyanta. Fayil ɗin Kaduna zai jira, kududdufi zai jira, tsoho ba zai jira ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ɗaukar murya. A fara da tsohon gida, a wuce wurin tsohuwar ƙauyen da ke tsallaken rami, a tambaye su abin da suka ci da abin da suka rasa. Ma'aunin littafin in ya fito ɗaya ne: a karanta shi a Gangare ta Hausawan Jos, a karanta shi a Gyel, kowane ɓangare ya ce lalle wannan garinmu ne, kuma ya sami wani abu a ciki game da maƙwabcinsa wanda bai taɓa ji a gidansu ba.